Kokot ɗin da Baba ya kawo daga Abijan

Ranar wata Lahadi ce cikin bazarar 1994, ranar kasuwar Tawa, ina tsakar gida ina wasan dara da duwatsu, sai ga tsoho Agali ya yi sallama da rawaninsa mai shuni. Buzu ne daga arewacin Tebaram, aminin marigayi kakanmu, kuma shekaru ya yi bai taka gidanmu ba. Kaka, mahaifiyar Baba, ba ta tsaya shawara ba, ta sa aka yanka tsohuwar akuyarmu, ita kaɗai ta rage mana a wannan shekara ta tsada. Sai da aka feɗe sannan baƙon ya ce motar da ta kawo shi za ta juya da la'asar. Na ga fuskar Kaka ta sauya, don a gidanmu ba ƙaramin abin kunya ba ne a yanka wa baƙo dabba ya tafi bai ci ba.

Kaka gwanar tukunyar ƙasa ce. Takan ɗora nama da hantsi a kan garwashi, ta bar shi yana ɓararraka a hankali har magariba, romon ya yi kauri, ƙamshi ya kai gidan maƙwabta. Amma wannan akuya ta ga duniya, namanta kamar igiyar guga, ga Agali haƙoransa sun kusa ƙarewa. Inna kuwa tana jego, ba ta fita madafa.

A ƙarƙashin gadon Inna akwai kokot, tukunyar ƙarfe mai murfin ɗaurewa, wadda Baba ya kawo daga Abijan inda yake ci-rani. Mazan unguwa sun kawo wa matansu atamfa da rediyo, shi ya kawo tukunya mai fito, kuma aka yi ta yi masa dariya a kanta. Kaka ta fi kowa yi masa tsiya, takan ce ɗanta ya je bakin teku ya sayo jirgin ƙasa. Abin yana ci mini rai, don ni kaɗai na tsaya na kalla ranar da ya gwada ta. Na jawo ta, na zubar da kuɓewa busasshiya da aka ajiye a ciki, na wanke. Kaka ta harare ni, amma da ta dubi rana sai ta miƙo mini naman.

Na zuba ruwa da albasa da daddawa, na murɗa murfin yadda Baba ya yi, na hura gawayi har idona ya yi ja. Da ta fara huci, kaji suka watse, ƙannena suka ɓuya bayan rumbu. Can sai na ga Kaka ta nufo ni da jiƙaƙƙen tsumma, irin wanda take liƙe madambaci da shi in tana dambu.

“Kauce in toshe ramin nan,” ta ce. “Tururi na hita, mi za ya dahwa naman?”

Baba ya gargaɗe ni cewa in aka toshe kafar nan tukunyar fashewa take yi. Na tsaya tsakaninta da murhu na buɗe hannuwa. Ban taɓa tare wa babba hanya ba sai ranar. Ta kira ni marar kunya, ta ce in naman bai nuna ba ni za ta dafa, sannan ta koma gindin bishiyar bedi tana mita.

Bayan azahar na sauke, na kwarara wa murfin ruwan randa har hucin ya mutu, na buɗe. Nama ya rabu da ƙashi da kansa. Agali ya ci ta ƙarƙashin rawaninsa, ya ƙara, ya shanye romon, sannan ya tambayi wace irin tukunya ce ke narkar da tsohuwar akuya kafin la'asar. Kaka ta gyara zama, ta ɗaga murya yadda matan maƙwabta za su ji ta bayan katanga.

“Ɗana ya kawo ta daga Abijan. Duk unguwag ga babu mai irinta.”

Daɗi ya kusa kashe ni, na shige ɗakin Inna ina tsalle.

Yau kokot ta cika gidajen Tawa, tana huci a kan gas babu mai waiwayawa, kuma na yarda romon Kaka na garwashi ya fi nawa daɗi. Ita da Baba duk sun riga mu gidan gaskiya. Da ma yana gida ranar, ya ji da kunnensa yadda uwarsa ta yi alfahari da shi.