Igiyar da Rana Ke Ja

Da sunan Allah nake farawa, kamar yadda aka koya mana tun muna riƙe da allo. A Paikon Kore na tashi, a hannun kakata ta wajen uwa, Bagwariya mai ƙarfin murya, wadda muke kira Iya. Idan an idar da magariba, sai ta tura doya cikin garwashi, mu kewaye murhu. Ranar da nake tunawa, kawuna ya ɗaure bakin gatarinsa da jiƙaƙƙiyar fatar shanu ya ajiye a rana, kafin la'asar fatar ta bushe ta matse kamar ƙarfe. Iya ta ɗauki gatarin ta juya shi.

"Ku matsa, ga wata tatsuniya nan tafe," in ji ta. "Kai mai kunnen zomo, rufe baki."

Ta ce an yi wani majemi da mahara suka yanka wa ƙane a bakin gona. Bai yi kuka ba. Ya feɗe baƙin sa, ya yanke fatar ta zama igiya doguwa, ya jiƙa ta da wani haɗi nasa. Abin ba ƙashi, ba kai, ba ido. A inuwa yana kwance laƙwas, amma da haske ya taɓa shi sai ya motsa, ya naɗe abin da ke kusa, ya yi ta matsewa. Majemin ya shimfiɗa shi a hanyar mahara. Rana na fitowa igiyar ta hau su. Haƙarƙari ya riƙa karyewa kamar karan dawa, jini na fita ta hanci da kunne, har dawakai ba ta bari ba.

Gari ya yi murna. Amma majemi ya ɗanɗana daɗin ramuwa. Wanda ya yi masa gardamar iyakar gona, an tsince shi da safe idanu waje. Wanda ya zage shi a kasuwa ma haka.

Wata asuba 'yarsa tilo ta fita ɗebo ruwa, tulu a kafaɗa, ta bi hanyar da ya ɗana wa wani igiyar. Rana ta leƙo daga bayan dutse. Ihunta ne ya fito da shi. Ya tarar igiya ta kai mata ƙirji.

"Ya yi ta ce wa igiyar saki, saki," in ji Iya, tana buga ƙasa da muciya. "Wa zai ji? Ai bai yi mata kunne ba!"

Ya sa wuƙa, ta ƙara matsewa. Yarinya ta fara shiɗewa. Sai ya faɗa kanta, ya rufe ta da jikinsa ruf. Inda inuwarsa ta sauka igiya ta saki, yarinya ta zame ta fita. Sauran da ke cikin rana kuwa ya naɗe shi, ya yi ta ja har bayansa ya ɓalle.

"Nan ta faɗi, nan na bar ta," Iya ta ce. "Ku ci doya." Babu wanda ya iya ci.

Yau Iya ta daɗe a ƙasa, Allah ya jiƙan ta. 'Yata Hauwa'u tana bincike a wata jami'a a nan Abuja. Kwanan baya ta zo da wani siririn abu kamar roba, ta ajiye a kan tabarma, ta haska masa tocila. Ya lanƙwashe, ya miƙe, ya fara rarrafe. Ba batir, ba waya.

"Baba, wata rana irinsa zai shiga ƙarƙashin ginin da ya rushe ya nemo mutane. Ka sa mini albarka."

Na ce, "In ya kama abin da bai kamata ba, me zai sa ya saki?"

"Sai a kashe tocilar mana."

"In rana ce fa, uwata?"

Ta dubi abin yana rarrafe a kan tabarma. Can ta ce a nan aikin nasu ya tsaya tukuna.

Da ina yaro na ɗauka labarin mugunta ne. Yanzu na gane labarin mai ƙira ne, wanda ya san yadda abinsa zai kama, bai tanadi yadda zai saki ba. Na sa mata albarka, na roƙe ta kada ta sake shi cikin mutane sai ta samo masa inuwar da ba jikin kowa ba ce. Sannan na miƙa tafin hannuna tsakaninsa da hasken. Ya tsaya cak.