Bugun da na sa wa Hadiza a tafin hannu

Jiya na raka jikata awon ciki. Na'ura ta fito da bugun zuciyar jaririn, duk ɗakin ya ji. Sai Hadiza ta faɗo mini a rai.

A shekarun tamanin ne, watana biyu da gama karatun ungozoma, ina aiki a Keita. Hadiza ta zo mini awo, cikinta wata bakwai. Na farko ta haife shi ba rai. Na rubuta mata a karne, wato katin awo, ta dawo bayan wata guda, amma duk ranar kasuwa sai ga ta, a ƙasa daga ƙauyensu.

Tsoro ya kama ni, ko akwai abin da na tsallake? Na sake auna jininta, na ɗora ƙahon katakon da muke saurare da shi, na ƙirga da agogo. Ɗari da arba'in a minti, daidai.

Na ce, "Yaya, lafiyarsa ƙalau. Me ke dawo da ke?"

Ta ce, "Madam, wancan ma haka aka ce mini. Ke ka jin shi, ni ban taɓa ji ba."

Ƙahon ba zai kai kunnenta ba. Sai na mayar da nawa kunnen, na riƙe hannunta, duk bugun da na ji na taɓa tafinta da yatsa. Can ta yi dariya.

"Wanga sauri haka? Ubanai ya biyo, bai zama wuri guda."

Haka muka riƙa yi kowane mako har ta sauka lafiya. Mace ce ma.

Ba a koya mana wannan a makaranta ba. Ku da kuka sake samun ciki bayan rashi, me ya kwantar muku da hankali?