Da Goge Na Je Kolofata

Ana idar da sallar asuba muka bar Garwa, ni da gogena a cikin buhu, da wani dattijon Bature ɗan ƙasar Cek mai gyaran injinan ban ruwa. Shi Marwa za shi, ni kuwa Kolofata, bikin ɗan ƙanwata. Wurin cin gasasshen kifi a bakin Binuwai muka saba, don shi ma yana taɓa goge irin nasu mai tsirkiya huɗu.

A Figil muka karya. Ƙosai ya rame, kuɗinsa ya yi ƙiba. Daga nan hanya ta zama ramuka da ɗan kwalta a tsakani, ga motocin auduga daga wajen Kayele suna rangaji kamar za su kwanto mana.

Nan na gaya masa damuwata. Kawuna ya bugo waya ya ce kada in kuskura in zo da goge. Tun da 'yan bindiga suka addabi garin, aure shiru ake ɗaura shi kamar zaman makoki.

Dattijon ya gyara zama, ya ɗauko tarihin mutanensu da Faransancinsa mai gargada. Ya ce an yi zamanin da Jamusanci ya mamaye ofis da makaranta a ƙasarsu, harshensu ya koma ƙauye, ya fake a bakin mawaƙa da masu busa wata salkar fatar akuya. Maƙwabtansu 'yan ƙabilar Roma gwanaye ne a kiɗan biki. A yaƙin duniya an kusa ƙarar da su, amma waɗanda suka tsira ba su rataye goge ba. Shi kansa yana saurayi gwamnati ta hana irin kiɗansu, sai su fake da bikin aure a ƙauye su cashe.

"An fasa mini goge, an kulle ni," in ji shi. "Ina fitowa na ari wani."

A Marwa muka rabu. Daga Mora zuwa gaba shinge ne bayan shinge. Wani jandarma ya zazzage buhun, ya juya gogen, ya ce, "Da wannan za ka yaƙe su?" Na ce eh. Ya yi dariya ya miƙo mini katina na shaida.

Da na isa Kolofata, Kawu na tarar a zaure. Ya dubi buhun, ya dube ni.

"Ashe ba ka jin magana? In kiɗa ya jawo su fa?"

"Kawu, shekarun da muka yi shiru, sun fasa zuwa?"

Kafin ya amsa ƙanwata ta leƙo. Mijinta a hanyar gona aka harbe shi, ita kaɗai ta raini angon.

"Kawu, ka yi haƙuri," ta ce. "Sun raba ni da miji, ba za su raba ni da guɗar ɗana ba. Yaya, ciro shi."

'Yan sintiri suka tsare bakin layi suna caje masu shigowa. Bayan azahar na ɗora baka a kan tsirkiya. Da farko ba wanda ya motsa. Sai wata maƙwabciya Kirista, cikin mutanen dutse, ta kifa ƙwarya a ruwa ta kama bugu. Ƙanwata ta rangaɗa guɗa, hawaye na zuba, mata suka cika tsakar gida. Kawu bai shigo ba. Ya tsaya a ƙofa da sandarsa yana gadin hanya har la'asar, muka tashi lafiya.

Washegari na kamo hanya, na iso Garwa da gajiya da buhun albasar Mora. Ban ce tsoron ƙarya ne ba, na gan shi a idon kowa, har nawa. Amma na gane cewa daga ƙasar Cek har gindin duwatsunmu, mai son mallake mutane bakinsu yake fara rufewa, kuma ba ya iyawa sai sun taya shi. Ni dai na daina taya shi. Jiya aka kira ni wani bikin a Mora. Na ce su sa rana.