Tayar Gaba ta Motar Baba

Baba ya ƙarar da ƙarfinsa a kan babbar mota, ya kai goro arewa, ya dawo Kumasi da albasa. Da gwiwa ta fara yi masa gardama sai ya sauka, ya sayi wata ƙaramar mota ruwan toka, tsohuwa amma mai lafiya, ya ajiye ta a ƙofar gidanmu a Alabar. Ba haya yake yi da ita ba. Mai naƙuda, masu zuwa jana'iza, masu ɗaurin aure, duk a kira Alaji direba. Ban taɓa ganin Baba cikin farin ciki irin na lokacin da ake buga masa ƙofa ana neman mota ba.

Ni ce babbar 'yarsa. Ina aure a Asokore Mampong, ina sayar da atamfa a kasuwar Kejetia, kuma kullum da safe sai na biya gida na gaishe su kafin in wuce kasuwa. Wata safiya na tarar da Baba zaune kan benci shi da abokansa uku, tsofaffin da suke shan shayi tare tun ina goye, tayar gaba ta gefen direba kuwa ta kwanta shame-shame.

"Taya ya sauka," in ji Baba.

Na kira mai facin bakin titi ya ba ta iska. Washegari ta sake sacewa. Jibi ma haka. Wasa-wasa aka shiga makonni, motar ba ta motsa ba, masu buga ƙofa suka koma neman tasi. Baba ya rage fita, ya rage magana, ko masallaci sai ya jira wani ya zo su tafi tare. Ina kallonsa yana tsufa a gabana, sai hankalina ya tashi. Na ƙudurta a raina cewa ko ana ha-maza-ha-mata sai na mayar da shi kan sitiyari.

Mai facin mutumin Asante ne, amma ya daɗe a zango har Hausa ta zauna masa a baki. Ya cire tayar, ya tsoma ta cikin rabin duro na ruwa, ya juya, ya sake juyawa. Ko kumfa ɗaya bai taso ba.

"Hajiya, taya nan ba shi da ciwo kraa, ko kaɗan."

"To iskar ta ina take fita?"

Ya dubi wajen gidanmu, ya sosa ƙeya. "Iska dai, Hajiya. Shi ya san hanya nasa."

Na ɗauka raini ne, na gaya masa maganar da har yau in na wuce rumfarsa nake sunkuyar da kai. Daga nan na wuce Magazin, kasuwar kayan mota, na sayo wata taya irin wadda aka yi amfani da ita a Turai, wadda mutanenmu suke rantsuwa ta fi sabuwa ƙarko. Aka ɗaura. Kwana biyu ta yi a tsaye, a na uku ita ma ta kwanta.

Nan kaina ya ɗaure. Taya biyu daban, ciwo ɗaya, kuma kullum gefe ɗaya. Ruwa ba ya tsami banza. Na tsaya tsakar gida na yi zagin kasuwa, na ce duk ɗan hassadar da ke taɓa motar ubana Allah ya tona asirinsa. Masu haya a gidan suka leƙo suka koma. Mma, mahaifiyata, tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ke dai ki bar mota nan ya huta," ta ce.

"Mma, ba kya ganin yadda Baba ya koma?"

"Ina gani. Ke ce ba ki gani."

Na tambaye ta me take nufi, ta ce in miƙo mata rariya, ga rariyar kuwa a hannunta.

Abin dariya, har ofishin inshora na je. Tunda kowace shekara ana sabunta takardar da ke manne a gilashi, na ce bari yau mu ci moriyarta. Matar da ke kan tebur ta saurare ni da haƙuri, ta tambaya ko hatsari muka yi. Na ce a'a. Sata? A'a. Gobara? A'a, taya ce take sacewa ba huji. Ta cire tabarau ta ce, "Maame, wannan ba namu ba ne, ki nemi malam." Na fito ina huci, amma ban kwana ba sai da na nemi malamin. Ya ba ni rubutu na yayyafa wa tayoyin huɗu, har da ta ajiya. Da safe na tarar da ta gaba a kwance, da sauran alamar rubutun a jikinta.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne Baba. Mutumin da ko tsuntsu ya yi kashi a gilashinsa sai unguwa ta ji, ga shi ana kwantar masa da taya kullum bai ce uffan ba. Abokansa kuwa kowace safiya sai su zagaye tayar, su girgiza kai, su ce, "Ei, Alaji, kuma?" sannan su koma kan shayinsu cikin nishaɗi, kamar an yi musu albishir. Na zargi Mma. Na zargi masu tasi. Akwai ranar da na zargi kaina, na ce ko ni ce mai baƙar ƙafa.

Wata maƙwabciyata a kasuwa ce ta nuna mini ɗan injin ba da iska da ake jonawa a cikin mota. Na saya, na ɓoye a jaka, ban gaya wa kowa ba. Ranar Asabar akwai ɗaurin auren jikar ɗaya daga cikin abokan Baba, a unguwarmu ta Asokore Mampong. Na zo da hantsi na tarar da su huɗun sun sha manyan riguna, suna shawarar tare tasi, tayar tana kwance kamar kullum.

"Ba tasi yau," na ce. "Alaji direba zai kai ku."

Na jona injin, ya kama gurnani, tayar ta miƙe a gaban kowa. Na juyo ina jiran a sa mini albarka. Mma ta fito ƙofa da ludayi a hannu ta tsaya. Tsofaffin suka dubi juna. Maƙwabta sun riga sun taru, wata har da guɗa, ana cewa motar Alaji ta tashi.

Baba ya miƙe a hankali. Ya dafa jikin motar, ya bi ta da hannu har ƙofar direba, ya shiga. Babban abokinsa, wanda suka yi hanyar arewa tare tun suna samari, ya gyara hularsa, ya ce bismillah, ya buɗe baya. Sauran biyun suka bi shi. Ni na zauna gaba ina jin kaina kamar wadda ta ci gasa, ko da yake na lura addu'ar shiga mota da ake yi a bayana ta fi ta kullum tsawo.

Injin motar ya tashi da murɗa ɗaya. Baba ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya miƙa wuya gaba, ya daɗe a haka. Rana tana haske tar. A gabanmu kaɗan mai koko ce take kwashe teburinta, da goyo a bayanta, ta sha zane ja wur.

Ya karkato wajena, ya rage murya.

"Uwata, akwai mutum a gaba?"

Na dubi matar, na dubi Baba. Idonsa yana kanta sosai. Na so in ce wani abu mai amfani, abin da ya fito kawai shi ne, "Akwai, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya kashe motar, ya zare makulli ya riƙe a tafinsa. A waje ana ta yi mana Allah kiyaye hanya.

"Ni ke sauke taya nan," ya ce, bai waiwaya ba. "Bayan asuba, da tsinken ashana. Ido ya tafi tun azumi. Na ce gara a ce taya ne. Ku sauka, jama'a, ku nemi tasi."

Tausayi da kunya da haushi suka haɗu suka rufe ni, ban ma san da wa nake fushi ba. Na jira in ji an buɗe ƙofar baya. Ba wanda ya motsa. Sai babban abokin nasa ya miƙo hannu ta saman kujera ya dafa kafaɗarsa.

"Mun sani, Alaji, tuntuni," ya ce. "Da ka ja ma, da mun bi ka."