Ƙwallon da Bulama ya sa aka farke

Ana sallame sallar asuba muka ɗauki hanyar Maiduguri daga Kano, mu uku: ni, da direba, da wani abokina malamin wasanni wanda zari-ruga ta shiga jininsa tun yana karatu a kudu. Zari-ruga ita ce ƙwallon nan mai siffar ƙwai da ake runguma a sheƙa da gudu, ƙarti su bi mutum su kayar. Wasu samari ne suka kira shi ya kafa musu ƙungiya, amma filin da suke so yana hannun Bulaman unguwarsu, shi kuma ya ce sai ya ga wasan da idonsa. Ni dai ɗan rakiya ne, kwaɗayin kifi ya fito da ni.

Ƙwallo ɗaya tal abokin nan nawa ya mallaka, ita ma sai da ya sha jira kafin a kawo masa daga Legas. Bai yarda an sa ta a but ɗin mota ba, a cinya ya ɗora ta. Mun karya da masa da shayi a Potiskum, hanya kuma ba laifi har Damaturu. Daga nan shingaye suka yawaita, kuma a kowanne sai an karɓi ƙwallon an latsa, an kara a kunne an girgiza. Wani soja ya tambaya ko mota ce ta taka ta.

Mun sauka a unguwar Gamboru cikin Maiduguri, gidan mahaifin ɗaya daga cikin samarin, wani dillalin dabbobi mai faran-faran. Aka cika mu da burabusko da miyar bandar kifi, aka turare ɗakin har rigunanmu suka kama ƙamshi. Da na leƙa kasuwa na ji kuɗin kifin da na zo dominsa, gaishe shi na yi daga nesa na wuce.

Washegari bayan la'asar muka shiga keke da mai masaukinmu zuwa unguwar Galtimari, inda filin yake. Bulama na zaune a ƙarƙashin darbejiya da dattawansa, dogon tsoho mai magana a hankali. Aka yi ta wushe-wushe, gaisuwar Barebari, har gwiwata ta gaji da tsuguno. Da ya ji sunan wasan sai ya gyara hula ya ce, "Zari, ruga. Malam, mu nan a kasuwa duka muke yi wa mai wannan sana'a."

Abokina ya yi dariyar yaƙe ya jera samari. Suka sunkuya, suka sarƙe kafaɗu, kai ya shiga tsakanin kai, aka fara turereniya. Kafin a jefa ƙwallo, dattawa sun zubar da takalma sun faɗa fili rabon faɗa. Wani ya kama ƙugun ɗansa yana ja, wani yana ba da haƙuri da Barbarci, wani yana tambayar wa ya fara. Aka yi bayani, aka sake jeri, wasu masu wucewa suka sake shigowa rabo. Bulama ya yi dariya har da share hawaye. Ya sa aka miƙo masa ƙwallon, yana juya ta a hannu, ya tambayi asalin abin.

Nan fa aka taɓo wa abokina inda yake masa ƙaiƙayi. Ya ce a wani gari ne mai suna Rugby a Ingila, ana cewa wani ɗalibi ya gaji da bugu da ƙafa, ya sunkuci ƙwallo ya ruga. Da farko taro ne ba adadi, a taru a kan ƙwallo a yi ta turawa har yamma. Daga baya aka rage mutane zuwa sha biyar-biyar, aka ware masu ƙarfi su yi turi a gaba, masu gudu su jira a baya, aka koyi miƙa ƙwallo hannu da hannu, amma baya ko gefe kawai. Bulama na ta gyaɗa kai. Wallahi a nan fili ya riga ya samu, da abokin nan nawa ya yi shiru. Ina taka masa ƙafa, amma ina. Sai ya ƙara da cewa siffar ƙwallon ma tana da tarihi, don masu ɗinkin takalma ne suke hura mafitsarar alade su rufe ta da fata.

Bulama ya ajiye ƙwallon a ƙasa a hankali, ya ware hannuwa nesa da rigarsa, ya ce a kawo buta. Abokina ya shiga rantsuwa cewa wannan zancen da ne, yanzu roba ce zalla.

"Ban ƙaryata ka ba, Malam," in ji Bulama. "Amma 'ya'yan mutane za su rungume ta a ƙirji, su tashi su yi magariba. A buɗe mu gani."

Mai masaukinmu ya zaro wuƙa daga aljihu. Na dubi abokina, na ji tausayinsa har cikin raina, don na san babu wata ƙwallon, kuma in ya ƙi, babu fili. Ya karɓi wuƙar ya ce shi zai yi da kansa. Ya farke ta, iska ta fita, ya zaro wata baƙar roba. Dattawa suka zagaya da ita hannu-hannu, ana ja, ana shinshinawa. Bulama ya ce roba ce, ya ba da fili, ya haɗa da addu'a mai tsawo, abokina yana amin da fatar ƙwallo a hannu.

A hanyar dawowa, muna isa Azare abokina ya ce ai dai gaskiya ya faɗa. Na ce ƙwarai, kuma abin da tafiyar ta koya mini ke nan: ka faɗi tarihi duka in kana so, amma ka fara duba abin da ke hannun mai sauraro. Muna shiga Kano samarin suka bugo waya. Wai sun fara atisaye da kankana, kuma Bulama ya aiko a tambayi Malam ko ita ma tana da tarihi.