Muryar Baba a Rediyon Jidda

Juma'ar farko bayan yankan gero, a shekarar da aka ja wutar lantarki zuwa unguwarmu a Kazaure, Baffa Sule ya dawo daga masallaci da wata farar waya naɗe a hannu. Ina aji uku na firamare. Kakata Iya tana zaune a tabarma a gindin rumbu, rediyonta mai kaset a gabanta, lulluɓe da ƙyallen da ta ɗinka masa. Baffa ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya ce daga yau an gama wahalar batir, a ɗauko rediyo a kai ɗakinsa inda aka sa soket.

Wannan rediyo ba na jin labarai ba ne. Mahaifina, wan Baffa, shi ya aiko da shi daga Jidda inda yake ɗinki, ta hannun wani alhajin Roni, da kaset guda a ciki. Shekara ba ta zagayo ba aka aiko mana da rasuwarsa. Ba mu ga gawa ba, ba mu san kabari ba, kaset ɗin nan kaɗai ya rage mana. A ciki yana gaishe da kowa da sunansa, yana tambaya ko an gyara katangar da ruwa ya ci, ya yi ɗan tari, sai can ƙarshe ya ce, "Uwata, ki yi karatu, kada ki wahalar da Iya." Ni ce Uwata, don sunan Iya aka sa mini.

Duk Juma'a Iya take saurarensa, kuma hidimar a kaina take. Da safe, kafin in tafi ɗebo ruwa, zan shanya batir a rufin akurki su sha rana. In na gama surfe sai in zauna ina juya kaset da biro ya koma farko don kada ya ci batir, ƙawayena kuwa suna ƙofar gida suna carafke. Gaskiya aikin yana ba ni haushi. Amma da Baba ya yi sallama a kaset ɗin, Iya za ta amsa, ta gaya masa kowa lafiya, katanga ma an gyara, sai in ji haushin ya tafi.

Ran nan da Baffa ya zo da wayar, Iya ba ta so ba. Ta ce ita batir ɗinta ya ishe ta, in kuma dole ne, a cire kaset tukuna. Baffa ya ce a'a, ya yi niyya tun ana kafa turakun lantarki: abu na farko da wutar nan za ta kunna a gidanmu muryar yayansa ce. Har maƙwabta ya kira. "Wuta ai wuta ce, Iya," in ji shi, "irin ta Makka ce ta zo mana har gida."

Ya jona, ya danna. Baba ya yi sallama da ƙarfin da ba mu taɓa ji ba. Iya ta buɗe baki za ta amsa, sai muryar ta fara gudu, ta siranta, ta koma kamar kukan ɗan tsako. Yaran maƙwabta suka tuntsire da dariya. Sai warin ƙonanniyar roba, sai hayaƙi ta baya. Kafin Baffa ya fizge wayar an gama. Da wuƙa aka ɓalle murfin, zaren kaset ɗin ya cukuikuye ya narke kamar gashin da aka babbaka.

Baffa ya kai rediyon Kano wurin mai gyara, ya dawo da shi a buhu. Ashe akwai wani ɗan maɓalli a baya, yana kan 110, ƙarfin wutar Jidda ke nan, tamu kuwa ta ninka ta. Da farce ma ana tura shi. Kaset kuwa aka ce sai haƙuri.

Iya ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi. Juma'a na zuwa ta shimfiɗa tabarmarta, ta kira ni, ta ce, "Takwara, faɗa mini abin da yake cewa." Na faɗa daga farko har ƙarshe, ban tsallake ko katangar ba. Ta girgiza kai ta ce ba haka yake faɗa ba. Ba ta ga damina ta gaba ba. Baffa kuwa ya daina wuni a gida ranar Juma'a.

Yanzu na gama sakandare, na zana taransifoma a jarrabawa har na ci. Kowane lungu na kasuwa kaset ke tashi, mutum bai ma jin na kusa da shi. Ba a jona komai a gabana sai na juya bayansa na duba, ana cewa na cika ƙa'ida, su faɗa. Kalmomin Baba suna kaina har gobe. Amma duk sanda na rufe ido don in ji muryarsa, kukan tsakon nan ne ke zuwa, da dariyar yara a bayansa.