Injiniya Lawan da Alkawarin Fartanya

Ina tsaye gaban 'yan ajin ƙarshe a makarantarmu ta sakandare da ke Minjibir, ina yi musu bayanin yadda ake zaɓen kwas a jami'a, sai wayata ta yi ƙara. Na ga lambar Injiniya Lawan ce, na ƙi ɗauka, don ya saba kirana a tsakiyar darasi kan maganar da za ta iya jira. Da aka sake kira na fita baranda ina shirin yi masa mita, sai na ji muryar matarsa, Hajiya Rabi. Ta ce ya faɗi a garejinsa da hantsi, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na san ana son a ji magana mai sanyi a kan mamaci, kuma zan yi iyakar ƙoƙarina. Amma duk wanda ya zauna da Injiniya ya san ba a zama da shi ba tare da rai ya ɓaci ba, kuma ni har yanzu nawa bai gama hucewa ba. Mutum ne da ba ya jin magana. Likita ya ce yana da hawan jini, ya rage wahala. Matarsa ta faɗa, ni na faɗa. Sai ya yi mana murmushi, ya ce ya ji, ya hau tsohon babur ɗinsa ya tafi inda ya nufa tun farko.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Injiniya Lawan ɗan wani ƙauye ne a gefen Minjibir, ya karanta aikin injiniya, ya dawo gida ya buɗe gareji. A ƙuruciyarsa ya ƙera injin ɓare gyaɗa wanda manoma suka yaba, don ba ya farfasa ƙwaya. Sai dai bai san yadda ake sa wa abu farashi ba, bai san yadda ake neman dillalai ko abokan jari ba. Injinan waje suka shigo, suka fi nasa rauni amma suka fi nasa masu talla, kasuwa ta bi su. Ragowar nasa suna nan a bayan garejin, kaji na ƙwai a ciki. Yakan nuna wa matasa su ya ce, "Injin da ba a saya ba ƙarfe ne kawai."

Daga nan ya kamu da abin da ya zama aikinsa har mutuwa. Ya gano akwai makarantun koyon harkar kasuwanci da ke ba da tallafin karatu musamman ga waɗanda suka karanta injiniya ko kimiyya, don su iya mai da iliminsu masana'anta. Ya rantse yaranmu ba za su maimaita kuskurensa ba. Ni kuwa, da yake ni ne malamin ba da shawara ga ɗalibai, ya ɗauke ni abokin aiki ba tare da ya tambaye ni ba. A wurin suna, a wurin ɗaurin aure, har a zaman makoki, in ya hango wanda ya gama digiri yana zaman banza, sai ya ja shi gefe. Na sha jan hannun rigarsa ina ce masa nan ba wurin wannan magana ba ne. Yakan tara irin waɗannan matasa a garejinsa ya yi musu gwajin intabiyu da Turanci, janareta na ruri, mai walda na aiki, ya ce wanda ya iya kare kansa a cikin wannan hayaniya ba wani kwamiti da zai razana shi. Ya sha tafiya unguwar Rijiyar Zaki a cikin Kano a kan babur, a shekarun nan da mai ya gagari kowa, don kawai ya tsare wani malamin jami'a a ƙofar gidansa har sai malamin ya rubuta wa ɗalibinsa takardar shaida. Da yawa sun nema ba su samu ba. In suka karaya yakan ce, "Ku nema a hana ku. Kada ku hana kanku."

Bana Allah ya ba Kabiru, wani tsohon ɗalibina daga wani ƙauye kusa da Zakirai. Ya karanta injiniyan noma, ya gama bautar ƙasa, ya koma gandun mahaifinsa don babu aiki. Wata makaranta a Legas ta ɗauke shi, karatu da masauki duk a kanta, a fara da faɗuwar damina. Muka tafi da murna mu gaya wa mahaifinsa, Malam Idi, muka same shi a ƙofar masallaci bayan la'asar tare da dattawan unguwa.

Malam Idi ya saurare mu har ƙarshe, sannan ya ce bai yarda ba. Ya ce ya sayar da shanun huɗarsa don ɗansa ya zama injiniya, yanzu kuma a ce ya koma koyon saye da sayarwa, abin da ƙanensa shi Malam Idi ya koya a kasuwar Dawanau a hannun ubangida ba tare da ya taka aji ba. A Kano, in ji shi, ba a zuwa makaranta koyon ciniki. Na yi bayani har bakina ya bushe. Sai ya fito da ainihin damuwarsa: shanu babu, taki ya yi tsada, ƙannen Kabiru ƙanana ne, shi kuma ƙarfinsa ya ja baya. Na ce za mu haɗa hannu a ɗauki 'yan ƙwadago. Ya dube ni kamar na zage shi, ya ce tun zamanin kakansa ɗan ƙwadago bai taɓa shiga gandun nan ba, kuma ba a kansa za a fara ba.

"In ya tafi, wa zai riƙe mini fartanyarsa?" in ji shi.

"Ni," in ji Injiniya.

Dattawa suka yi dariya. Malam Idi ma ya yi, ya ce to in Injiniya zai riƙe, yaro ya tafi. Shi a ganinsa ya rufe magana ke nan. Ni ma na ɗauka zance ne na ƙofar masallaci. A hanyar komawa na ce wa Injiniya ya ga yadda ya mai da mu abin dariya. Ya ce mini, "Malam, an yi shaida a kai. Gobe Kabiru ya fara haɗa kaya."

Haka mutumin nan, da furfurarsa da hawan jininsa, ya shiga gandun wani. Ruwan shuka na sauka ya bayyana da sassafe, ya jingine babur a gindin kuka, ya tuɓe babbar riga. Ya yi shuka, ya yi noman farko, ya yi maimai. Ba kullum ba, don gareji na jiransa, amma duk ranar da aikin ya kai a ce Kabiru na nan, yana nan. Ranar da ya makara Malam Idi yakan tare shi da cewa, "Injiniya, yau injin ya ƙi tashi ne?" Shi kuma ya ce mai ya yi tsada, yanzu da koko ake tada shi, a miƙo kwanon. Malam Idi da kansa ya roƙe shi ya bari, ya ce ya yafe alkawarin, kunya ta ishe shi a gari. Injiniya ya ƙi. Na je har gonar na same shi yana haki, na yi masa faɗan da ban taɓa yi wa wanda ya girme ni ba. Na ce tallafin karatu ɗaya bai kai ransa ba. Ya share gumi ya ce in na zo taya shi ne ga fartanya, in kuma wa'azi na kawo, Juma'a ba ta yi ba tukuna.

Ba na cewa noma ne ya kashe shi. Ajali ne, kuma ya same shi a garejinsa. Amma ina jin haushin waɗanda suka cika zaman makoki suna yabon sadaukarwarsa, alhali damina guda suna wucewa ta bakin gonar nan a mota suna ɗaga masa hannu. Ni ma sau nawa na je? Faɗa na kai masa, ba hannu ba.

Kabiru ya iso ranar addu'ar uku, ya biyo motar dare daga Legas. Bayan an shafa fatiha ya same ni gefe ya ce ba zai koma ba. An riga an girbe gero, amma dawa na tsaye, kuma ba zai iya zama a aji ba alhali wanda ya tsaya masa yana kabari. Makarantar kuwa ba ta riƙe wa kowa gurbi; in ya wuce hutun da aka ba shi, tallafin ya tafi. Na ji kamar in kama shi in girgiza. Sai na kai shi gaban mahaifinsa, ina fargabar tsohon zai ce madalla.

Malam Idi ya dubi ɗansa. Sannan ya ce, "Mutumin nan ya zuba guminsa a gonata don ka zauna a can. In ka dawo, ka zubar masa da damina guda. Ni har yanzu ban gane abin da ake koya muku ba, amma shi ya gane. Ka koma." Da Kabiru ya tambayi wa zai sare dawar, tsohon ya ce zai kira gayya. Waɗanda suka san shi sun san bai taɓa roƙon kowa ya shigar masa gona ba.

Kabiru ya koma shekaranjiya. Gayyar kuwa ranar Asabar ce, bayan sallar asuba. Ina kira ga duk wanda Injiniya ya taɓa ja gefe a wurin biki, wanda ya samu da wanda bai samu ba, da ya zo da magirbinsa. Wanda bai iya girbi ba ya iya ɗaurin dami, wanda bai iya ba ya iya ɗauka. Kada kowa ya aiko mini da saƙon ta'aziyya a waya a madadin ƙafarsa. Saura girbin dawa kaɗai a alkawarin da ya ɗauka, kuma ba za mu bar shi da shi ba.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Lawan, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sanya kowace kunya da ya nome a gonar da ba tasa ba ta zama nauyi a mizaninsa. Ka ba Hajiya Rabi da 'ya'yansa haƙurin wannan rashi, ka tsaya musu kamar yadda ya tsaya wa 'ya'yan wasu. Ka ba Kabiru ikon kammala abin da aka tura shi. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.